Babi na Shida: Gidan Preston na Gormanston

A cikin gidajen da suka yi suna a tsibirin Ailan tun daga ranar da mayaƙan Ingila suka fara sauka a gaɓarsa a shekarar 1169, mafi yawa da kaifin takobi suka sami abin da suka samu, kamar gidan Fitzgerald da na de Lacy da na de Burgh, waɗanda kakanninsu suka shigo bisa dawakai sanye da sulke, suka ƙwace filayen sarakunan ƙasar, suka kakkafa ganuwa a kai. Amma akwai wani gida wanda bai iso ba sai bayan da ƙurar wancan yaƙi ta kwanta da shekara fiye da ɗari, bai kuwa zo da sulke ko runduna ba, sai mudu da lissafi da sanin shari'a, ga shi kuma ya fi yawancin waɗancan daɗewa a kan ƙasarsa. Wannan shi ne gidan Preston na Gormanston, labarinsa kuwa ya cancanci a dakata a kansa, domin a ciki ne mutum zai ga abin da takarda ke iya riƙe wa mai ita, da kuma wurin da ƙarfinta yake ƙarewa.

Asalinsu fatake ne daga garin Preston da ke lardin Lancashire, a arewa maso yammacin Ingila, daga nan kuma suka ɗauki sunan da aka san su da shi. A farkon ƙarni na 14 wasu 'yan'uwa biyu daga cikinsu, Richard da William, suka haye teku suka zauna a Drogheda, wadda a wancan zamani garuruwa biyu ne suna fuskantar juna a bakin kogin Boyne, kowanne da hukumarsa, ba a haɗe su ba sai a 1412. Tashar jiragen ruwa ce mai albarka, inda ake fitar da fatu da ulu da hatsi da kifi, a shigo da gishiri da ƙarfe da giyar inabi ta Faransa. Sa'an nan yaƙe-yaƙen da sarakunan Ingila suke yi da Sikotlan sun sa kullum ana cigiyar wanda zai yi safarar guzurin sojoji. Ribar da 'yan'uwan nan suka samu ba su bar ta kwance a jaka ba, sai suka riƙa sayen gidaje da rumfuna da ƙananan filaye, kowane ciniki kuwa sai an rubuta shi a kan fata an buga hatimi a gaban shaidu, suka kuma adana waɗannan hujjoji har jikokin gidan suka tarar da su.

Zamani ne na fitina. A 1315 Edward Bruce, ƙanen Sarkin Sikotlan, ya sauka a arewacin Ailan da runduna, ya yi shekara uku yana ƙone garuruwa, a daidai lokacin da ruwan sama marar yankewa ya ruɓar da amfanin gona a arewacin Turai duka aka shiga yunwa, ba a kuwa rabu da shi ba sai a watan Oktoba na 1318, sa'ad da rundunar John de Bermingham ta kashe shi a Faughart, kusa da Dundalk. Mai karatu ya riƙe wannan suna na Bermingham, gama zai sake dawowa. Bayan wannan ɓarna ne, a 1326, Roger, ɗan'uwan Richard da William, ya iso, shi kuwa ba da kayan fatauci ba, da takardar naɗin alƙalanci a kotun sarki; daga bisani aka mai da shi kotun da ke duba ƙararraki tsakanin mutum da mutum, wato rigingimun filaye da gado da bashi, ya shafe shekaru a wannan aiki, ya rasu a wajen 1346.

Ba za a fahimci abin da alƙalanci yake nufi a wannan ƙasa ba sai an san cewa shari'a biyu ce take gudana a tsibiri guda, kuma ba sa ga maciji da juna. Ta farko ita ce ta Ingila, wadda Sarki John ya umurta a bi sa'ad da ya ziyarci Ailan a 1210: ana buɗe ƙara da takardar sammaci daga ofishin hatimin sarki, mutum goma sha biyu na yankin su yi rantsuwa su faɗi abin da suka sani, lauyoyi su yi muhawara da Faransanci, magatakarda ya rubuta da Latin, mai kisan kai kuma a rataye shi. Ta biyu ita ce ta 'yan ƙasa, wadda ta girmi zuwan Ingilishi da ƙarnoni, alƙalanta kuwa, da ake kira brehon, gadon aikin suke yi a wasu sanannun gidajen malamai irin su MacEgan da O'Davoren, suna koyar da 'ya'yansu matani da sharhi a makarantun gida. A wannan shari'a kisan kai diyya ake biya gwargwadon darajar mamaci, dangin mai laifi kuma su ne ke ɗaukar nauyin biya, kusa da abin da malaman fiƙihu ke kira aƙila. Amma inda saɓanin ya fi tsanani shi ne babin gado. A wajen Ingilishi babban ɗa shi kaɗai ke ɗauke ƙasa duka, in kuwa babu ɗa namiji sai 'ya'ya mata su raba daidai, su sha gaban baffa da 'ya'yan baffa, mijin kowacce ya zama shi ne mai iko da kasonta. A wajen 'yan ƙasa kuwa ƙasa ta dangi ce ta wajen uba, maza ke raba ta, mace in ba ta da ɗan'uwa namiji ta ci moriyarta muddin ranta, sa'an nan ta koma ga dangi.

Da a ce ƙofar kotun sarki a buɗe take ga kowa, da watakila sannu a hankali ɗaya ta haɗiye ɗaya. Sai dai galibin 'yan ƙasa ba su da ikon kai ƙara a cikinta in ba su sayi takardar 'yanci ta musamman ba, har ya zama wanda aka yi ƙararsa yana iya kare kansa da cewa mai ƙarar ɗan ƙasa ne, ba a wajabta masa ba shi amsa ba. Kisan ɗan ƙasa kuwa ba a ɗauke shi laifin rataya ba. A 1277 wasu manyan limaman Kirista na Ailan, da Akbishop na Cashel a gaba, suka yi wa Sarki Edward na Ɗaya tayin mak 7,000 (mak ɗaya kashi biyu cikin uku ne na fam) domin a shigar da mutanensu ƙarƙashin dokar Ingila. Sarki ya so kuɗin, amma maganar ta mutu a hannun manyan mazauna, waɗanda wannan bambanci yake yi wa amfani. A 1305 Piers de Bermingham ya gayyaci shugabannin gidan O'Connor na Offaly walima a gidansa na Carrick, da aka gama cin abinci ya sa aka yanka kusan mutum talatin, hukumar Dablin kuwa maimakon hukunci sai ta ba shi tukuicin fam 100. Wannan ita ce shari'ar da Roger Preston ya zo ya zauna a kan kujerarta, ba kuwa zai zama adalci ga tarihi ba a yabi ƙwarewar gidansa a cikinta ba tare da an ambaci waɗanda aka rufe wa ƙofa ba.

Ɗansa Robert shi ne ya kafa gidan a haƙiƙa. A lokacin babu makarantar lauyoyi a Ailan, mai neman wannan ilmi sai ya haye zuwa Landan ya zauna a masaukan lauyoyi yana halartar kotu yana sauraro, ɗan alƙali kuwa ya fi kowa sa'a, tun da a zauren ubansa yake fara jin yadda ake warware ƙulli. A wajen 1348 Robert ya zama lauyan sarki, wato mai tsaya wa haƙƙin sarauta a gaban alƙalai, kuma a cikin wannan shekara ce, a watan Agusta, annobar da ta share Turai ta shigo ta tasoshin gabas, ta yi wa Dablin da Drogheda kisan da wani ruhubani na Kilkenny, John Clyn, ya rubuta labarinsa kafin alƙalaminsa shi ma ya tsaya a shekara mai zuwa. Annobar ta fi cin garuruwa da ƙauyukan Ingilishi, inda jama'a ke cunkushe, fiye da 'yan ƙasa makiyaya da ke warwatse a tuddai, saboda haka manoma suka yi ƙaranci, kuɗin haya ya faɗi, gandaye suka zama kufai, magada suka mutu aka bar dukiya cikin shubuha. Wanda ya tsira da ransa a irin wannan hali, yana da tsabar kuɗi a hannu, ya kuma san wane ne bashi ya kama da wace ce za ta gaji wane, to, zamani nasa ne. A 1358 aka naɗa Robert babban alƙalin kotun da ubansa ya yi wa aiki, ya riƙe wannan muƙami shekara ashirin. A 1361 kuma Lionel, ɗan Sarki Edward na Uku, wanda aka aiko da runduna ya farfaɗo da mulkin Ingila, ya naɗa shi barde.

Ta hanya biyu ya tara ƙasa, saye da aure, kuma bambancin abin da hanyoyin nan biyu suka haifar shi ne ainihin abin lura a tarihin gidan. Sayen dai ya zo da sauƙi. Akwai manyan Ingila da yawa da suke da gandaye a Ailan alhali ba su taɓa kwana a cikinsu ba, sai dai a aika musu da haraji, Sarki Edward kuwa ya matsa musu lamba cewa ko dai su je su tsare ƙasarsu da mayaƙa ko su ɗauki nauyin masu tsaronta, har aka zo ga dokar 1380 da ta ce wanda ya ƙi zai rasa kashi biyu cikin uku na abin da ƙasar ke kawowa. Da dama suka ga gara su sayar su huta. Ɗaya daga cikinsu shi ne Amaury de St Amand, wanda ya taɓa riƙe gwamnan Ailan daga 1357 zuwa 1359, ya ga halin da ake ciki da idonsa. A 1363 ya sayar wa Robert Preston gandun Gormanston. Wuri ne mai ƙasar noma a bakin teku, kan iyakar lardin Meath da na Dablin, 'yan mil kaɗan kudu da Drogheda, a tsakiyar yankin da sammacin sarki ke tafiya babu mai tare shi, inda in wani ya shiga gonarka za ka kai ƙara, alƙali ya yanke, ɗan doka ya zo ya fitar da shi.

Auren kuwa a takarda ya fi sayen tsoka nesa ba kusa ba. Robert ya auri Margaret, 'yar Walter de Bermingham, ubangidan Carbury, wanda shi ma ya riƙe gwamnan Ailan kafin rasuwarsa a 1350. Da ɗan'uwanta Walter ƙarami ya rasu a 1361 bai bar ɗa ba, sai dokar Ingila ta mai da gadon ga mata, ta haka Carbury da Kells ta ƙasar Ossory suka faɗo hannun alƙali. Babu wata aya ta shari'ar sarki da za a iya soke haƙƙinsa da ita, kuma in akwai wanda ya san haka a duk tsibirin, to, shi ne. Sai dai Carbury ba Gormanston ba ce. Tana can arewa maso yammacin Kildare, a bakin manyan fadamun da doki mai sulke ba ya iya ratsawa, maƙwabtanta su ne O'Connor na Offaly, kuma daga gindin tudunta ne kogin Boyne yake ɓuɓɓugowa, wannan kogi da yake zuba cikin teku a Drogheda inda arzikin Preston ya faro. Tsakanin mafarinsa da bakinsa ne dokar Ingila take yin rauni har ta shuɗe. Mazan gidan Bermingham da ke zaune a can, baffanni da 'ya'yan baffanni, sun yi zamani suna auratayya da maƙwabtansu, suna magana da harshensu, har sun ɗauki laƙabi irin nasu, Mac Fheorais. A ganinsu kuwa ƙasar da kakanninsu suka zubar da jini a kanta ba za ta bi mace zuwa ɗakin wani ɗan fatake mai tawada a yatsa ba. Suka ɗau makamai, suka kai hari gandayensa na Meath, shi kuma ya zuba mayaƙa a Carbury yana ciyar da su daga aljihunsa.

Al'amarin ya kai matuƙa a 1368, sa'ad da manyan hukuma suka fita domin a yi sulhu, sai 'yan Bermingham suka kama su gaba ɗaya, ciki har da Thomas Burley, mai riƙon babban hatimin sarki a Ailan, da hakimin Meath, da Robert Tyrrell na Castleknock; ba a sako mai hatimi ba sai da aka kwance wa James de Bermingham mari a kurkukun Trim aka yi musaya. A tsaya a dubi wannan da kyau: mutumin da daga ofishinsa kowane sammaci yake fita, shi ne aka yi garkuwa da shi saboda ƙarar da babban alƙalin ƙasa ya riga ya ci tun ba a shiga kotu ba. Gidan Preston ya ci gaba da ambaton Carbury a cikin hujjojinsa, amma ƙasar ta zauna a hannun Bermingham har ƙarni na 16, lokacin da sojojin gidan Tudor suka murƙushe su aka ba wani hafsa mai suna Henry Colley, wanda daga zuriyarsa ne Duke na Wellington ya fito.

Irin wannan narkewa ta jikokin mayaƙan farko ita ce ta firgita majalisar da Lionel ya tara a Kilkenny a 1366, a tsakiyar shekarun alƙalancin Robert, har ta haramta wa Ingilishi auren 'yan ƙasa, da ba su renon 'ya'ya, da yin magana da harshensu, da kai ƙara wajen brehon, da hawan doki babu sirdi kamar yadda suke yi. Abin dariya, dokar da ta wajabta Ingilishi da Faransanci aka rubuta ta. Ba ta hana kome ba a wajen yankin gabas. Shi kansa alƙali bai zauna cikin kwanciyar hankali ba, domin Lionel ya ɗauke baitulmali da kotun ƙararraki daga Dablin ya kai su Carlow, da nufin su kusanci sauran larduna, sai ga shi garin yana bakin ƙasar MacMurrough, ana kai masa hari ana ƙone shi, har aka gaji aka mai da su Dablin a shekarun 1390. Robert ya tsufa cikin hidima, ya riƙe babban hatimi a 1391, ya rasu a 1396.

Abin da magajinsa Christopher ya fara yi bayan an binne uban ya nuna irin tarbiyyar gidan. A tsakanin 1397 da 1398 ya sa magatakarda suka fito da duk hujjojin da aka tara, na rumfunan Drogheda, da na filayen Lancashire, da na Gormanston, da na gadon Bermingham, da na gidan de Londres, wanda ya auri 'yarsu Elizabeth ta zo masa da kaso a ƙasar Naas, aka kwafe su a kundi guda na fata. Hikimar a fili take. A shari'ar Ingila mai ƙasa ba ya tsira da cewa kowa ya san tasa ce, sai ya nuna silsila, daga wanda ya sayar masa zuwa wanda ya sayar wa wancan har a kai ga kyautar sarki, kamar yadda mai ruwayar hadisi yake kawo isnadi. In mahaɗi ɗaya ya yanke, abokin husuma ya sami ƙofa. Saboda haka duk gandun da aka saya ko aka aura, da tsofaffin takardunsa yake zuwa, wasu tun na ƙarni na 12, su ma aka shigar da su. Christopher domin 'ya'yansa ya yi wannan aiki, bai yi don masu tarihi ba. Amma a ƙarshen watan Yuni na 1922, a farkon yaƙin basasar Ailan, ma'ajiyar takardun hukuma da ke harabar manyan kotunan Dablin ta tashi da wuta, rubuce-rubucen shekara ɗari bakwai suka zama toka, ciki har da yawancin kundayen kotun da Roger da Robert suka zauna. A lokacin kundin Gormanston yana hannun iyali, bai ƙone ba. James Mills da M. J. McEnery sun riga sun buga taƙaitawarsa a 1916, asalin kuma yanzu yana Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa a Dablin. Abubuwa da yawa da aka sani game da filayen Meath da Louth da Kildare na wancan zamani daga tsoron wannan magaji aka san su.

Son takarda ya taɓa jefa shi cikin hatsari. A 1418, cikin rikicin da ya raba manyan mazauna da gwamna John Talbot, aka kama Christopher tare da Earl na Kildare aka tsare su a Trim, bisa zargin sun ƙulla makirci ga mataimakin gwamna, suna kuma nufin tara majalisa ba da izni ba. Da aka bincike shi ba a sami wuƙa ko wasiƙar maƙiya ba, sai rubutu biyu: rantsuwar da sarkin Ingila yake yi ranar naɗinsa, da wata risala ta Latin mai bayanin yadda ake tara majalisa da haƙƙin wakilan jama'a a kan sanya haraji. A wajen Talbot wannan hujjar tawaye ce; a wajen Preston kuwa makamin da gidansu ya sani ke nan, ya zo ya tuna wa gwamna cewa shi ma akwai sharuɗɗa a kansa. Da maganar ta kai Ingila aka sake su, aka mayar musu da ƙasarsu.

Jikansa, wani Robert ɗin, shi ya kai gidan ƙololuwa. A zamaninsa mulkin Ingila na haƙiƙa ya tsuke zuwa sassan larduna huɗu, Dablin da Meath da Louth da Kildare, yankin da aka zo ana kira Pale, wanda majalisar 1494 ta umurta a kewaye shi da ganuwar ƙasa da rami. A cikin wannan ɗan fili gidaje kaɗan, Preston da Plunkett da Barnewall da St Lawrence da Fleming, suna aurar da 'ya'yansu ga juna, suna karɓa-karɓar kujerun alƙalanci da na majalisa. A ranar 7 ga Agusta 1478 Sarki Edward na Huɗu ya ba shi sarautar Viscount Gormanston, wadda har yau ita ce mafi tsufa a irinta a Ailan da Birtaniya. Da gidan York, wato gidan Sarki Edward, ya faɗi a Ingila, sai shi da Earl na Kildare da yawancin manyan yankin suka yi mubaya'a ga wani yaro mai suna Lambert Simnel, wanda aka ce ɗan sarauta ne, aka naɗa shi sarki a majami'ar Christ Church ta Dablin ranar 24 ga Mayu 1487. Ba a cika wata guda ba aka karya rundunarsa a Stoke, Sarki Henry na Bakwai ya sa yaron aikin madafa, ya yafe wa manyan a shekara mai zuwa bayan sun sabunta rantsuwa. Har ma ya amince wa Gormanston da riƙon mataimakin gwamna a 1493. A nan ne gidan malaman shari'a ya yi tuntuɓe a kan shari'a: majalisar da ya tara a Drogheda, sai majalisar Edward Poynings ta zo ta soke ta dungum, bisa hujjar cewa wanda yake wa mataimaki ya riga ya ajiye muƙami, kuma larduna huɗu kaɗai aka kira, kuma ba shi da iznin kira tun farko. Ya rasu a 1503.

Abin da ya yanke alaƙar irin waɗannan gidaje da kujerar alƙali addini ne. Da Henry na Takwas ya ɓalle daga Paparoma, kuma dokar 1560 ta wajabta wa mai riƙe muƙami ya rantse cewa sarauniya ce shugabar majami'a, sai zuriyar tsofaffin mazauna, waɗanda suka tsaya a kan Katolika, suka ga ana cike kotuna da baƙi 'yan Furotesta daga Ingila, sababbin lauyoyin kuma suna tono aibi a tsofaffin hujjoji domin a ƙwace filaye. Waɗanda suka yi ƙarni uku suna kiran kansu Ingilishi suna ƙyamar 'yan ƙasa, sai ga su a layi guda da su a bakin ƙofa. A watan Disamba na 1641 Nicholas Preston, Viscount na shida, ya jagoranci manyan yankin zuwa tudun Crofty kusa da Drogheda, suka haɗa kai da Rory O'More da 'yan tawayen arewa. Baffansa Thomas, wanda ya yi suna a sojan Sifen a ƙasar Filandas, ya dawo ya riƙe rundunar Leinster, aka karya shi a Dungan's Hill a 1647, ya mutu a Faris a 1655. Hukumar Cromwell ta ƙwace Gormanston, dawowar sarauta a 1660 ta mayar. Viscount na bakwai ya bi Sarki James, ya yi yaƙi a bakin Boyne a 1690, ya mutu a Limerick a 1691, aka zartar masa da hukuncin fita daga kariyar doka, wanda ya tafi da sarautar.

Ƙasar dai ba ta tafi ba. Magadansa suka shiga ta ƙofar sharuɗɗan sulhun Limerick da ya rufe wancan yaƙi suka karɓo ta, suka lallaɓa ta cikin ƙarni na 18 duka, zamanin da doka ta hana ɗan Katolika sayen fili ko zama lauya, har suka sami halin rushe tsohon gidan suka gina sabon soro a wajen 1786. A 1800 aka soke tsohon hukuncin, aka mayar wa Jenico Preston sarautarsa a matsayin Viscount na goma sha biyu, aka ƙidaya har da waɗanda suka riƙe ta a tsakani ba da amincewar hukuma ba. Jikansa, na goma sha huɗu, ya yi gwamna a Giyana ta Ingilishi da kuma Tasmaniya, dokokin filaye na ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 kuma suka mai da gonakin hannun manoman da ke hayarsu. A 1947 iyalin suka sayar da soron da abin da ya rage kewaye da shi ga ruhubanan Faransiskan, waɗanda suka mai da shi makarantar sakandare, shekara 584 bayan cinikin Robert da St Amand.